Shin azaba ce ta sa Kiristocin farko suka zaci duniya ta zo ƙarshe?

Wani ɗan'uwa da ke karatun tarihin addinai ya aiko da tambaya, ya ce ya lura rubuce-rubucen Kiristocin ƙarnonin farko cike suke da maganar wahala da kisa da kusantowar ƙarshen duniya, don haka yana so ya sani: shin azabar da daular Rum ta gana musu ce ta haifar da wannan imani, ko kuwa imanin ne ya riƙa ingiza su suna kai kansu ga mutuwa?

Ɗan'uwa, abin da shaidun tarihi suka nuna shi ne, sauraron ƙarshen zamani ya riga tsanantawar Romawa, domin da shi ikkilisiya ta tashi tun farkonta. Aikin da tsanantawar ta yi shi ne ta fito da ɓangaren wannan imani da za a fi riƙewa, wato ranar shari'a da tashin jiki daga kabari, ta kuma riƙa farfaɗo da shi duk lokacin da ya fara lafawa.

Tushen maganar yana cikin tarihin Yahudawa. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus na Huɗu, wanda ƙasar Yahudiya ke ƙarƙashin mulkinsa, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya ƙazantar da Haikalin Urushalima da hadayar gumaka, ya kuma karkashe waɗanda suka ƙi bin umarninsa. Wannan ya jefa masu ibada cikin ruɗani, domin koyarwar da suka gada ita ce mai biyayya ga Allah yana samun albarka, mai saɓo kuma yana shan horo, sai ga shi masu biyayyar ake yankawa saboda biyayyarsu. Littafin Daniyel da Littafin Makabiyawa na Biyu suna ɗauke da amsar da ta yi tasiri daga baya: mulkin azzalumai yana da wa'adi, Allah zai zauna shari'a, kuma waɗanda ke barci cikin ƙasa za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya. Malaman tarihi da yawa suna ganin littafin Daniyel ya kammala ne a wancan lokaci na Antiyokus, masu bin ra'ayin gargajiya kuwa suna ɗaukarsa annabci ne tun zamanin bautar Babila. Ko wanne mutum ya bi, almajiran Yesu sun taso sun tarar da wannan koyarwa a hannun mutanensu.

Kirista sun gaskata cewa an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, ya kuma tashi a rana ta uku. Na san Musulmi ba su yarda da gicciyewar ba, amma a nan muna bin diddigin abin da mutanen suka gaskata ne da yadda ya juya rayuwarsu. A wurinsu tashin Yesu shi ne farkon tashin matattu gaba ɗaya, shi ya sa manzo Bulus ya kira shi nunan fari, kuma duk manomi ya san idan nunan fari ya bayyana girbi ya ƙarato. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50 ko 51, ita ce galibin masana ke ɗauka mafi tsufa a Sabon Alkawari, kuma damuwar da take magancewa tana da ban tausayi: wasu 'yan ikkilisiyar sun rasu, sauran kuma suna fargabar ko mamatan sun yi asarar komowar Ubangiji. Mutanen da ke irin wannan fargaba suna sa ran ganin komowar da idonsu, Bulus da kansa kuma ya lissafa kansa cikin waɗanda za su wanzu da rai har zuwa ranar. A cikin wasiƙar ya tuna musu cewa tun yana tare da su ya gaya musu za su sha wuya. Wannan duka ya faru fiye da shekaru goma kafin wani Kaisar ya ɗaga hannu a kan Kirista. Wahalar da aka sha a wancan lokaci ta cikin gida ce da ta unguwa: jifan Istifanas, kisan Yakubu ɗan Zabadi a hannun Hirudus Agaribas, bulala a majami'u, da tarzomar maƙwabta.

A babi na 13 na Bisharar Markus an kira yaƙe-yaƙe da girgizar ƙasa da yunwa farkon naƙuda, aka kuma gaya wa almajirai za a kai su gaban mahukunta da sarakuna. Wanda aka koya wa haka, idan masifa ta same shi ba zai ce Allah ya yashe shi ba, zai ce abin da aka faɗa ne yake cika. Da rundunar Romawa ƙarƙashin Titus ta rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, da yawa sun ga babbar alama ta tabbata. Amma a cikin babin nan ne kuma aka ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba, kuma wannan jumla ita ce shugabannin ikkilisiya suka yi ta komawa gare ta duk lokacin da zumuɗi ya wuce gona da iri.

Game da tsanantawar kanta, akwai kuskuren da ya yaɗu na zaton an yi shekaru ɗari uku ana farautar Kirista ba dare ba rana. Ba haka abin ya kasance ba. Farmakin farko daga fadar Kaisar shi ne na Niro, bayan gobarar da ta cinye yawancin birnin Roma a watan Yuli na shekara ta 64. Tasitus, marubucin tarihi wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya ce da jita-jita ta yi ƙarfi cewa Niro ne ya sa wutar, sai ya shafa wa Kirista kashin kaji, aka lulluɓe wasu da fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, aka gicciye wasu, aka cinna wa wasu wuta don haskaka dare. Abin ya yi muni ƙwarai, amma bai wuce birnin Roma ba.

Yadda abin yake a yau da kullum ya fi fitowa a wasiƙar da Filini, gwamnan Bitiniya da Fantas a arewacin Turkiyya ta yau, ya aika wa Kaisar Tarajan wajen shekara ta 112. Ya ce idan aka kawo masa wanda ake zargi yakan tambaye shi ko shi Kirista ne, idan ya amsa sai ya maimaita tambayar har sau uku yana yi masa barazana, idan ya ƙeƙasa ƙasa sai ya sa a tafi da shi a kashe, 'yan ƙasar Rum kuwa yakan aika da su Roma. Wanda ya musa, sai a kawo gumaka da siffar Kaisar, a sa shi ya ƙona turare ya zuba ruwan inabi ya kuma zagi Almasihu, domin an gaya wa Filini Kirista na gaske ba ya iya yin ko ɗaya daga ciki. Ya sa an azabtar da wasu kuyangi biyu masu hidima a ikkilisiya don ya ji asirin ƙungiyar, bai samu komai ba sai abin da ya kira camfi mai wuce iyaka. Ya kuma ambaci cewa a da ɗakunan gumaka sun kusa zama kango, naman hadaya kuma ya rasa masu saye, wanda ke nuna har da asarar kasuwa cikin abin da ke sa a kai ƙara. Tarajan ya amsa cewa kada a fita neman su, kada a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita, wanda ya tuba ya yi hadaya a yafe masa, wanda aka tabbatar kuma ya ƙi a hukunta shi.

Wannan amsa ita ce ta zama ma'auni na sama da shekaru ɗari, kuma ina ganin a nan ne ya kamata mai tambaya ya tsaya ya yi tunani. Kirista zai iya rayuwa har tsufa ba a taɓa shi ba, kuma maƙwabci ɗaya mai jin haushinsa ya isa ya kai shi ga takobi cikin mako guda. Romawa sun ɗauka zaman lafiyar ƙasa ya rataya ne a kan yardar gumaka, saboda haka wanda ya ƙi hadaya ya jawo wa kowa fushi. Tertuliyan na Kartaj ya rubuta a shekara ta 197 cewa idan kogin Taiba ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, ko aka yi fari ko yunwa ko annoba, nan da nan sai a ɗauki ihun a jefa Kirista ga zaki. Duk da haka malamin Kirista Orijin, wanda aka kashe mahaifinsa saboda bangaskiya, ya faɗa wajen shekara ta 248 cewa waɗanda suka mutu domin addinin kaɗan ne, ana iya ƙirga su. Maganganun biyu gaskiya ne. Yawan gawawwaki bai kai yadda ake zato ba, zaman ɗar-ɗar kuwa bai taɓa yankewa ba, kuma zaman ɗar-ɗar ya isa ya sa mutum ya riƙa kallon duniya a matsayin abin da ke gab da rushewa.

Littafin Wahayin Yahaya ya fito daga irin wannan yanayi. Ireniyus, bishop na ƙarni na biyu, ya ce an ga wahayin ne a ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan, wato wajen shekara ta 95, littafin da kansa kuma ya ce a tsibirin Batmusa ne. Cikin 'yan ikkilisiyoyi bakwai da aka rubuta wa, mutum ɗaya kaɗai aka ambata da suna cewa an kashe shi, Antifas na Birgamas, amma marubucin ya hango abin da ke tafe a biranen da bautar Kaisar ta yi ƙarfi. Babila da ke zaune a kan tuddai bakwai ba ta ɓuya wa mai karatu na lokacin ba, Roma ce. Lambar 666 ma, wadda littafin ya ce ta dabbar da ke yaƙar masu bi ce, masana da yawa suna ganin sunan Niro Kaisar ne idan aka rubuta shi da haruffan Ibrananci aka yi hisabinsu, irin lissafin da malamanmu suka sani a abajada, kuma wasu tsofaffin kofe na littafin suna ɗauke da 616, wadda ta dace da yadda ake faɗin sunan a Latin. Zuciyar littafin a ganina tana babi na 6, inda rayukan waɗanda aka yanka ke kuka a ƙarƙashin bagade suna tambayar har yaushe za a jinkirta yi musu sakayya, aka ba su fararen riguna aka ce su ɗan ƙara haƙuri sai adadin 'yan'uwansu ya cika. Kukan wanda aka zalunta ne da ya rasa kotun ɗaukaka ƙara a duniya.

Masu tsanantawar ma sun gane inda ƙarfin yake. A shekara ta 177 a birnin Liyon na Faransa ta yau, an kashe Kirista da dama, ciki har da wata baiwa mai suna Balandina, bishop Fotinus kuma, wanda ya haura shekara 90, ya mutu a kurkuku bayan dukan da ya sha. Wasiƙar da waɗanda suka tsira suka rubuta ta ce an bar gawawwakin a fili kwana shida ƙarƙashin gadi, sannan aka ƙone su aka share tokar cikin kogin Ron, masu yin haka suna cewa bari a gani ko za su tashi. Ba a ƙona gawa a zubar da toka don a ƙara wa mamaci zafi, an yi ne don a karya begen masu rai.

A Kartaj kuma, a shekara ta 203, aka gurfanar da Farfetuwa, mace 'yar babban gida mai kimanin shekara 22 da jariri a nono. Mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya zo wurin shari'ar da jaririn yana roƙonta, alƙali Hilariyanus ma ya ce ta ji tausayin furfurar ubanta da ƙuruciyar ɗanta ta yi hadaya domin lafiyar sarakuna. Ta ce ba za ta yi ba. Da uban ya nace, aka buge shi da sanda a gabanta, ta kuma rubuta cewa ta ji dukan kamar a jikinta. Ba mutum ce marar zuciya ba, kuma labarin bai ɓoye abin da wannan tsayuwa ta jawo wa iyalinta ba. A liyafar ƙarshe da aka saba yi wa waɗanda za a kashe, abokin tsarewarta Saturus ya ce wa 'yan kallo su dubi fuskokinsu da kyau domin su gane su a ranar shari'a, da aka shigo da su filin wasa kuma suka yi wa alƙalin nuni cewa kai ka hukunta mu, Allah zai hukunta ka. A idonsu kotuna biyu ne ke zaune, ta gwamna ƙarama ce, babbar tana tafe, kuma wanda ya yi musu a ƙaramar zai ji kunya a babbar.

Sai ɓangare na biyu na tambayar, ko imanin ya sa suna neman mutuwa. Akwai waɗanda suka yi haka, ba za a ɓoye ba. Ignatiyus bishop na Antakiya, a hanyarsa ta zuwa Roma cikin sarƙa a zamanin Tarajan, ya roƙi Kiristan birnin kada su yi ƙoƙarin kuɓutar da shi, ya kira kansa alkamar Allah da haƙoran namun daji za su niƙa. Amma yawancin shugabanni sun taka wa wannan burki. Labarin kisan Folikaf, tsohon bishop na Samirna, a tsakiyar ƙarni na biyu, ya nuna shi yana ɓuya a gona har aka zo aka kama shi, ya kuma kawo misalin wani Kwintus mutumin Firijiya da ya miƙa kansa, da ya ga namun dajin sai ya karaya ya yi hadaya. Marubutan suka ce ba sa yabon masu miƙa kansu, domin bishara ba ta koyar da haka ba. Kilemen na Iskandariya ya yi irin wannan suka, hujjar da ake kafawa kuwa ita ce umarnin da ke cikin Bisharar Matiyu cewa idan an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan.

Haka aka yi da masu yanke rana. A rabin ƙarshe na ƙarni na biyu Montanus da annabawa mata biyu, Firiskila da Makzimila, sun tashi a Firijiya, aka ruwaito Makzimila tana cewa bayanta babu wani annabi sai ƙarshe, ikkilisiyoyin yankin kuma suka yi tir da su. A sharhin littafin Daniyel da ake danganta wa Hifolitus, na wajen shekara ta 204, an ba da labarin wani shugaban ikkilisiya a Siriya da ya kwashi jama'arsa da mata da yara zuwa hamada don taryen Almasihu, da wani a Fantas da ya ce shari'a za ta zo cikin shekara guda, mutane suka bar gonakinsu ba noma, shekara ta wuce suka koma bara. Don ya kwantar da hankula, marubucin ya yi nasa lissafin ya ce ƙarshen ba zai zo ba sai shekaru 500 bayan haihuwar Almasihu. Tun kafin nan wasiƙar Bitrus ta biyu ta amsa wa masu ba'a da ke tambayar ina alkawarin zuwansa, ta ce kwana ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne, jinkirin kuma haƙuri ne domin mutane su tuba. Tertuliyan, duk da zafinsa, ya gaya wa mahukunta cewa Kirista suna yi wa Kaisar addu'a, suna kuma roƙon a jinkirta ƙarshen, domin sun ɗauka daular Rum ce ke tare masifar da za ta zo.

Abin ya sauya a shekara ta 250, lokacin da Kaisar Desiyus ya umarci kowa da kowa a faɗin daular ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu sama da 40 a Masar, kusan duk da lafazi ɗaya: mai takardar yana cewa kullum yana yi wa gumaka hadaya, yanzu ma a gaban jami'ai ya zuba abin sha ya yi hadaya ya ɗanɗani naman, sai jami'an su sa hannu. An kashe Fabiyan bishop na Roma a watan Janairu na shekarar, amma abin da ya fi girgiza ikkilisiya shi ne yawan waɗanda suka yi hadayar ko suka sayi takardar da kuɗi, har rikicin ko za a sake karɓar su ya raba ikkilisiyar Roma a shekara ta 251. Ga annoba ta shigo, ga yaƙe-yaƙe a iyakoki. Sifiriyan bishop na Kartaj, wanda ya ɓuya a zamanin Desiyus aka kuma fille masa kai a ranar 14 ga Satumba 258 ƙarƙashin Kaisar Baleriyan, ya rubuta cewa duniya ta tsufa, ruwan sama ya ragu, ma'adinai sun ƙare, magabcin Almasihu kuma, wato babban maƙiyinsa da zai bayyana gab da ƙarshe, ya kusa. Diyonisiyus na Iskandariya ya ɗauka watanni 42 da littafin Wahayi ya ce an bai wa dabbar iko, mulkin Baleriyan ake nufi. Wannan Desiyus ɗin ne Kiristan Siriya suka sa a labarin samarin Afisa da suka gudu cikin kogo suka yi barci mai tsawo, kuma shi ne Daƙyanus da littattafan tafsiri ke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi. A bakin Kirista ma an riƙa ba da labarin ne a matsayin hujjar tashin jiki.

Tsanantawa mafi tsanani ta fara ne ranar 23 ga Fabrairu 303, da aka rushe cocin Nikomidiya a zamanin Kaisar Diyokileshiyan, aka bi da ƙona littattafai da kama limamai da tilasta hadaya. Ta fi zafi a gabas, musamman Masar, inda har yau Kiristan Kibɗawa ke fara ƙirga kalandarsu ta shahidai daga shekara ta 284, shekarar hawansa mulki. Kaisar Galeriyus ya janye ta a 311, sarakuna Kustantin da Lisiniyus kuma suka tabbatar da 'yancin ibada a 313.

Abin da ya biyo baya shi ne gwaji mafi kyau ga amsar da na bayar. Da a ce azaba ce ta haifi imanin, da ya mutu tare da ita, amma ƙa'idar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a shekara ta 325 ta riƙe cewa Almasihu zai zo ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Abin da ya ja baya shi ne gaggawar da kuma kallon Roma a matsayin Babila. Yusibiyus, marubucin tarihin ikkilisiya wanda ya ga kisan zamanin Diyokileshiyan da idonsa ya kuma rayu har ya yabi Kustantin, ya raina koyarwar mulkin shekara dubu a bayan ƙasa wadda Fafiyas da Jastin da Ireniyus suka riƙe, har ya kira Fafiyas mai ƙarancin fahimta. A Afirka ta Arewa kuwa Donatiyawa, waɗanda suka ƙi limaman da ake zargi da miƙa littattafai a lokacin tsanani, sun ci gaba da ganin kansu ikkilisiyar shahidai, sai dai yanzu sarakuna Kirista ne ke matsa musu. Bayan faɗuwar birnin Roma a hannun Gotawa a 410, Agustin bishop na Hifo ya fassara shekaru dubun da cewa zamanin ikkilisiya ne da ake ciki, ya ƙi yarda da masu ƙirga tsanantawa goma suna cewa saura ta ƙarshe, ya kuma ce wa masu lissafin shekaru su sauke yatsunsu. Wannan fassara tasa ce ta rinjaya a ikkilisiyar yamma har tsawon ƙarnoni, shi kansa kuma yana cikin waɗanda suka goyi bayan hukuma ta tilasta wa Donatiyawa komowa.